Neman shawara: yawon kwale-kwale a Ninh Binh, rana ɗaya ta isa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Biyetnam. Maigida zai je taro a Hanoi cikin watan Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma tare za mu tafi, rana ɗaya ce kacal za ta rage mana bayan taron. Naga hotunan wani waje Ninh Binh inda ake shiga kwale-kwale ana ratsa kogunan dutse, ga tsofaffin wuraren bauta a bakin ruwa, wallahi wajen ya shiga raina sosai. Amma ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, shi kuma maigida gwiwa na damunsa. Sannan kamfanin yawon da muka tuntuɓa sun jero mana Trang An da Tam Coc da Bai Dinh da Hoa Lu da wani dutse da ake hawa wai duk a rana ɗaya, anya kuwa? Ga maganar abinci da sallah, ga kuma shiga inda gumaka suke. Wanda ya sani ya taimaka min.

Ɗalibi a Hanoi: Wa alaikumus salam Hajiya. Rana ɗaya ta isa amma ba da wannan jerin da suka baki ba, in kika yarda da shi a mota za ki ƙare yinin. Daga Hanoi zuwa Ninh Binh kusan kilomita 90 ne da ɗoriya, tafiyar kamar awa biyu, dawowa ma haka. Trang An kaɗai kusan awa uku yake ci a cikin jirgi. Toh ki lissafa. Ni shawarata Trang An da safe, Hoa Lu bayan azahar, shikenan ku kamo hanya. Dutsen da suke cewa Hang Mua ne, matakala kusan 500 kuma a tsaye suke sosai, mai ciwon gwiwa bai da abin yi a can.

Maganar tsoron ruwa kuma ki kwantar da hankalinki, ba irin babban kogi mai igiya bane, ruwan a kwance yake, wurare da yawa ma kina hango ciyawar da ke ƙasansa. Jirgin ƙarami ne, mutum huɗu yake ɗauka, babu inji, da hannu ake tuƙawa kuma yawanci mata ne matuƙan, aikinsu kenan kullum. Suna bada rigar kariya ta ruwa kafin a tashi, ki saka ki ɗaure ta da kyau kar ki cire saboda hoto. Abinda zan ja kunnenki a kai shi ne kai, wasu kogunan rufinsu ƙasa ƙasa yake, in matuƙiya tace a sunkuya toh a sunkuya da gaske, musamman in Alhaji dogo ne.

Anti mai saro kaya: Ni dai Tam Coc nafi so gaskiya. Can ne za kiga suna tuƙa jirgi da ƙafa, mace ta jingina baya ta riƙe lema a hannu ƙafafunta na ta aiki, ga gonakin shinkafa hagu da dama a bakin kogin Ngo Dong, kogo uku ne kawai ake ratsawa kuma bai kai Trang An daɗewa ba, wanda baya son zama da yawa a jirgi zai fi masa sauƙi. Abinda ya ɓata min rai a can kawai masu talla a cikin jirage, kina kaiwa ƙarshe su kewaye ki da lemo da biskit su nace sai kin siya wa matuƙiya, ga tsada. Na gwammace in ba matar kuɗi a hannunta in mun sauka, dan wallahi ta cancanta, aikin ba wasa bane.

Ɗalibi a Hanoi: Anti maganarki haka take, sai dai wancan kyan na Tam Coc da ake gani a hoto shinkafa tayi jawur, ƙarshen Mayu ne zuwa farkon Yuni. A Nuwamba ba za ta samu wannan ba. Amma Nuwamba ɗin lokaci ne mai kyau ta wani ɓangaren, zafi ya sauka, ruwan sama ya ja baya. Wajen Agusta zuwa Oktoba ne ake fama da guguwa da ruwa mai yawa, har ruwan kan cika wasu kogunan dutsen a kasa wucewa.

Malamin makaranta: Yaya, tunda kin ce wajen ya shiga ranki bari in ƙara miki abinda zai sa ki fi jin daɗin kallon. Duwatsun nan irin dutsen da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti ne. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, shi ne yake cin dutsen a hankali shekaru masu ɗimbin yawa, ya bi tsaga ya faɗaɗa ta har ta zama kogo, ruwa ya ratsa ta ƙarƙashin dutse ya ɓulla ta ɗaya gefen. Waɗannan abubuwa masu tsini da ke reto daga rufin kogon kuma ɗigon ruwa ne yake barin ɓurɓushin dutse kaɗan kaɗan har su taru, shi yasa ba a son a taɓa su ko a ɓalla. Akwai kogo ɗaya a Trang An, Dot, tsawonsa kusan kilomita ɗaya, sun sa fitilu a ciki amma duk da haka akwai duhu da sanyi, in kina da tsoron matsatsen waje ki faɗa tun wajen siyan tikiti dan hanyoyin jirgin kala kala ne. UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Hoa Lu kuma dan Allah kar ku tsallake shi. Nan ne babban birnin ƙasar a ƙarni na 10. Dinh Bo Linh ya murƙushe sarakunan yaƙi 12 da suka rarraba ƙasar, ya zama sarki a 968 ya kafa fadarsa a nan, kuma ba a banza ya zaɓi wajen ba, duwatsun su ne ganuwarsa, ruwan kuma hanya. Bayansa Le Hoan ya hau a 980 ya kori rundunar Sin a 981. Sai a 1010 Ly Thai To ya maida babban birni inda Hanoi take yanzu. Fadar asali ta daɗe da rushewa, abinda za ki gani gine-gine biyu ne na tunawa da sarakunan nan biyu da aka sake ginawa a ƙarni na 17. Kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, Alhaji zai iya takawa a hankali.

Baban Yara: Hajiya ni abinci zan yi magana a kai dan nan ne mutanenmu ke shiga matsala. Abinda garin ya shahara da shi naman akuya ne da ƙanzon shinkafa soyayye, ko ina za a miƙo miki su. Akuyar ba yankan Musulmi bane, ƙanzon kuma sau da yawa ana barbaɗa masa dambun naman alade a kai, ki duba sosai kafin ki siya. Ku yi guzuri tun daga Hanoi, akwai masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc, ku tambaya a can za a nuna muku inda ake saida abincin halal. Ko kuma farar shinkafa da ƙwai dafaffe da 'ya'yan itace su riƙe ku zuwa dare. Sallah kuwa matafiya ne ku, ku tafi da darduma ƙarama ku haɗa azahar da la'asar in kun sauka daga jirgi. Ki lura alƙibla a can yamma take ba gabas ba, ku duba da waya.

Wuraren bautar kuma ba dole bane ki shiga ciki. Jirgi yana tsayawa a sauka a zaga, kina iya tsayawa a farfajiya ki kalli gini da sassaƙar katako, babu mai tilasta miki kunna turare ko rusunawa. Mutanen wajen da gaske suke ibadarsu, sai a rage murya a basu hanya. Hukuncin shiga ciki kuwa ki tambayi malaminki kafin ki taso ki tafi da natsuwa.

Maman Biyu: Kai Allah ya saka muku da alheri, har naji hankalina ya kwanta. Mun tsaya a kan Trang An da Hoa Lu. Tambaya ɗaya ta rage, tsayawar da jirgin yake yi a hanya akwai hawa ne? Saboda gwiwar maigida.

Ɗalibi a Hanoi: Wasu akwai matakala da yawa, wasu kuma a bakin ruwa suke daga sauka sai shiga. Ku faɗa wa mai tikiti kuna son hanyar da babu hawa sosai, in an zo mai matakala Alhaji ya zauna a inuwa ya jira ki. Ku bar Hanoi kamar ƙarfe shida na safe dan ku riga manyan motocin 'yan yawo isa, in da hali kar ya zama Asabar ko Lahadi, kuma ku riƙe kuɗinsu dong a hannu, da lema ko malafa dan jirgin babu rumfa. Allah ya kai ku lafiya Hajiya.