Neman shawara kan sabunta lasisin tuƙin mahaifina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lasisin tuƙi. Mahaifina yana da shekara 71, kuma ya shafe fiye da shekara 40 yana tuƙa motar haya tsakanin Kano da Zariya. Da lasisinsa na shekara 5 ya ƙare, mun cike fom ta intanet, mun biya kuɗin, ya kuma ci gwajin ido, kasancewar an cire masa yanar ido bara.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɗaukar hoton yatsu. Sau uku muna zuwa na'urar tana ƙin karanta zanen yatsunsa, domin tsufa da riƙon sitiyari sun shafe shi, har mai aka ce ya shafa amma bai yi amfani ba. Ga shi kuma shekarar haihuwar da ke tsohon lasisin ta bambanta da wadda ke kan lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa (NIN) da shekara 2.

Shin wanne ya kamata mu fara gyarawa? Kuma akwai wani tanadi da aka yi wa dattawan da yatsunsu ba sa kamawa? Baba ya ajiye mota, zaman gidan kuma ya fara damunsa.