Wa Ya Kulle Matar Cilakowa?

Makiyayin Falgore:

Salamu alaikum iyaye da yayye,
Ga tambaya na kawo gaban kowa.
Jiya ina kiwo a gefen daji,
Na ji motsi a kogon ɗorawa.
An shafe bakin kogon da laka,
Sai 'yar tsaga, da ƙyar yatsa ke shigewa.
Namiji ya sauka da fara a baki,
Wani bakin ya leƙo yana karɓewa.
Shin kishi ne ya sa shi rufe ta,
Ko kulle ake wa matar cilakowa?

Goggon Yara:

Ɗana, kar ka ɗora wa miji laifi,
Ita ta shiga, ita ke toshewa.
Laka da kashinta take kwaɓawa,
Da gefen baki take daɓewa.
Ƙwai 2 zuwa 4 take sakawa,
Kwana kusan 25 kafin ƙyanƙyashewa.
Maciji ya zo ya rasa ƙofa,
Biri ya zura hannu ba ya kaiwa.
Gashin fiffike da na jela ta zubar,
Tana zaune sabo yana tsirowa.
Ga tsafta, ɗana, ko kashi za ta yi,
Ta tsagar nan take fesowa.
In 'ya'ya sun girma ɗaki ya matse,
Ta fasa ta fito ta shiga nemowa,
Su kuma su mai da ƙofa da kansu,
Uwa da uba suna ta ciyarwa.

Malam Na Bakin Kurmi:

Goggo, baitinki ya taɓo mini miki,
Shekaru sun ja, bai daina zafi ba.
Ku yafe, amsa-amon ya kuɓuce mini,
Abin da zan faɗa ba na daɗi ba.
Ina yaro na harbi namiji da danƙo,
Da ƙwaro a bakinsa, bai kai gida ba.
Kwana 3 ina jin ƙwanƙwasa a kogo,
A na 4 ban ƙara jin motsi ba.

Makiyayin Falgore:

Allah ya yafe, Malam, ya yafe mu.
Na ga masu gawayi suna kewayawa,
Gobe da asuba zan kora shanu can,
In yini a gindin wannan ɗorawa.