Canjin fatar birkin baya a mota mai birkin hannu na lantarki

Waɗanda suka yi aikin da hannunsu bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a danne fistin, wato ƙarfen da ke tura fatar birki, da ƙarfin tuwo. A bayansa akwai ƙaramin injin lantarki mai juya noti, tilasta shi yana iya karya haƙoransa, kuma gyaran ya fi fatar tsada nesa ba kusa ba. Sai an fara sa motar cikin yanayin gyara, da na'urar bincike da ake jonawa a OBD2 (soket ɗin kwamfutar motar), ko da jerin danna maɓalli da totur a wasu motocin. Littafin motar ne alƙali. Idan injin ya ja baya, a yawancinsu fistin zai koma a hankali ba murɗawa.

An sha bamban kan jona ƙaramin injin kai tsaye da batir mai bolt 12 don a ja shi baya. Wasu sun yi sun dace, amma ni ban yarda da shi ba, domin yakan rikita kwamfutar motar.

Batir ya kasance a cike, a tare tayoyin gaba, kada a dogara da jak kaɗai. A lura da man birki kada ya tumbatsa yayin mayar da fistin. Bayan haɗawa a taka birki har ya yi tauri kafin motar ta motsa.