Gyaran Gidan da Yara Za Su Tashi a Ciki

Da aka zauna kan batun gyaran gida, abin da kowa ya amince da shi shi ne a fara da abin da ido ba ya gani. Rufin da ke yoyo, tsohon wayarin da bututun ruwa su ne gaba, fenti da tayil su biyo baya. Wanda ya juya tsarin, sai ya fasa bangon da ya gama shafewa. An kuma ce a ware kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kasafi, don tsohon gini ba ya rasa abin da ya ɓoye.

Maganar yara ce ta fi ɗaukar lokaci. Tazarar ƙarafunan matakala da baranda kada ta wuce santimita 10, domin kan yaro na iya shiga. A ɗaure wadirof da kabad a bango, tunda mai rarrafe da ya fara miƙewa komai yake kamawa. Ruwan zafi na wanka a tsayar da shi kusan digiri 49 a ma'aunin Celsius. Tsohon fenti kuma a bi shi a hankali, wani yana da gubar dalma, kuma kankare shi a bushe yana watsa ƙurar cikin gida.

Inda aka rabu shi ne haɗa kicin da falo. Wasu na son mai girki ya riƙa hango yara, wasu na gudun hayaƙi da hayaniya. Ni dai na fi karkata ga a raba su da rabin bango. Tayil mai sheƙi a banɗaki kuwa, babu wanda ya goyi bayansa, saboda santsi.