Neman kalmar Hausa: me za mu kira "box office"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Wajen rubuta labarin Shah Rukh Khan ana yawan cin karo da "box office", musamman a kan 2023, shekarar da finafinansa Pathaan da Jawan kowanne ya haura kuror 1,000 na rupi (kuror ma'aunin ƙidaya ne na Indiya) a duniya. Wasu na cewa "ofishin akwati", wanda ba ya nufin komai. Wasu kuma "kuɗin shiga". Malamai, wanne ya dace?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Asalin kalmar ɗakin sayar da tikiti ne a bakin gidan wasan kwaikwayo, sannan silima, daga baya ta koma nufin kuɗin da aka tara a wurin. "Kuɗin shiga" ya yi faɗi, don fim na samun kuɗi daga talabijin, da waƙoƙi, da kamfanoni irin su Netflix, duk kuwa ba sa cikin wannan lissafi. Muna da "kuɗin ƙofa" tun a gidan dambe.

Hajiya Marubuciya: Ɗan Fagge, ka kusa. Sai dai kuɗin ƙofa shi ne abin da mutum ɗaya ke biya ya shiga. Abin da aka tara gaba ɗaya ciniki ne. Ni na fi son "cinikin ƙofa".

Malamin Lissafi: Na goyi bayan Hajiya, amma a raba shi uku kamar yadda 'yan kasuwar fim na Indiya ke yi. Akwai jimlar ciniki, wato duk abin da 'yan kallo suka biya. Akwai ciniki bayan haraji, shi jaridunsu suka fi kawowa idan ana maganar cikin gida. Sai kason mai rarraba fim bayan gidajen silima sun cire nasu, a manyan silimomi kusan rabi ne a makon farko, yana raguwa a makonnin baya. Jawan ya haura kuror 1,100 a jimlar duniya, amma na cikin Indiya bayan haraji wajen 640 ne. Wanda ya gwama biyun ya ɓata labarin.

A kula da kuror ma. Kuror ɗaya miliyan 10 ne, don haka kuror 1,000 rupi biliyan 10 ke nan, ba miliyan dubu ba.

Mai Fassara: Allah Ya saka, Malam. To "hit" da "flop" fa?

Ɗan Fagge: Waɗannan kasuwa ta riga ta ba mu. Fim ya yi kasuwa, ko ya yi kwantai. Ma'aunin ba yawan ciniki ba ne, a'a, ko ya mayar da uwar kuɗi har da riba. Fim ɗin Zero na 2018 ya tara kuɗi masu kauri, amma an kashe masa da yawa, sai ya zama kwantai, kuma Shah Rukh bai sake jan fim ba sai Pathaan. Wanda ya wuce misali, irin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 da ya shafe shekaru ana haska shi a silimar Maratha Mandir ta Mumbai, sai a ce ya ci kasuwa.

Mai Fassara: Shi ke nan, "cinikin ƙofa" zan sa, tare da faɗin ko jimla ce ko bayan haraji.