Wanda ya ci bashin manhaja bai biya ba, ya cancanci a tona masa asiri?

Gwaggo: Assalamu alaikum. Yau da asuba saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba, ga hoton ɗan maƙwabciyarmu, an rubuta wai ɓarawo ne, duk wanda ya san shi ya guje shi. Ashe bashin naira dubu 15 ya karɓa a wata manhajar waya, biya ya wuce shi da kwana 3. Uwarsa tun safe ko tsakar gida ba ta fito ba.

Baffa: Wa alaikumus salam. Yaya, na tausaya wa uwar, amma shi yaron shi ya jawo. Shekara 30 ina kasuwa, na san ciwon bin bashi. Wanda kunya ba ta sa shi ya biya ba, to a bar kunyar ta same shi. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ƙara girma, hadisin mai hali ya ambata. Wanda ke cikin ƙunci kuwa, aya ta 280 a Suratul Baƙara cewa ta yi a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Kuma ni ba yaron ne ma ya fi damuna ba. Ta ina suka samu lambar Gwaggo?

Baffa: Ai shi ya danna musu ya yarda.

Yaya Babba: Ya yarda da nasa. Lokacin da ya sauke manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobinsa da hotunansa, ya ba ta, ta kwashe komai: na limamin unguwa, na surukai, na mai gidan da yake wa aiki. Su waɗannan wa ya tambaye su? Gwaggo ba ta ci ko sisi ba, ba ta tsaya masa ba, amma yanzu lambarta tana hannun mutanen da ba ta san fuskarsu ba, kuma babu mai tabbatar mata ba za su sayar wa 'yan damfara ba. Baffa, ko kai da kake bin mutum bashi a Kwari, shagonsa kake zuwa, in ta yi tsami ka kai shi gaban shugabannin kasuwa ko kotu. Ban taɓa jin ka buga hotonsa ka raba wa danginsa ba.

Auta: Baffa, hukuma ma ba ta yarda da shi ba. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan bashi a Legas. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, kuma a watan Yunin shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC da ake kai wa ƙorafi.

Baffa: To ga doka, ga kuma saƙo ya shigo wayar Gwaggonku yau. Ina amfaninta?

Auta: Da yawansu ba ta Play Store ake samunsu ba, Baffa. Ta WhatsApp suke turo mahaɗa, mutum ya sauke da hannunsa, babu mai tantance su.

Baffa: Batun lambar Gwaggonku na karɓa, wannan cin amana ne. Amma kiran yaron ɓarawo kaɗai zan ce sun wuce gona da iri. Bashi kam sai ya biya, kada ku ɗaure masa gindi.

Yaya Babba: Babu wanda ya ce kada ya biya. Gwaggo, don Allah kada ki goge saƙon, ki ɗauki hotonsa da lambar tukuna, shi ne shaida. Sannan ki toshe su. In sun kira, kada ki faɗa musu ko sunan unguwa.

Gwaggo: To. Auta, ki biyo bayan la'asar ki duba mini wayar, ban san me da me na danna wa yarda ba. Daga nan ki raka ni wajen uwar yaron.