Na'urar wanke iskar ɗakin kaji: za ta yi aiki a Maradi?

Mai Kaji a Hanyar Tibiri:
Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji masu ƙwai a bayan gari, kuma da zarar damina ta kankama, warin amoniya yakan cika ɗakin har ya sa mai shiga hawaye, maƙwabta ma sun fara ƙorafi. Na ji cewa a Holan da Jamus ana ɗora wa gidajen dabbobi wata na'ura mai wanke iska. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda take aiki, da kuma ko ta cancanci a kashe mata kuɗi a irin yanayinmu.

Malamin Kiwo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Amoniya tana fitowa ne daga kashin kaji idan ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suka ruɓar da shi, kuma laima da zafi su ne ke hanzarta aikin, shi ya sa abin ya fi tsananta a watan Agusta. Ita na'urar, fanka ce ke zuƙo iskar ɗaki ta tura ta cikin wani bango mai ƙananan ramuka wanda ruwa ke kwarara a kansa ba tsayawa. A nau'in da ya fi ƙarfi ana zuba wa ruwan asid, irin wanda ke cikin ruwan batir, sai ya kama amoniyar ya mayar da ita takin salfa na ruwa, kuma idan ana kula da shi yana iya cire kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Akwai wani nau'in da ba ya buƙatar asid, ƙwayoyin halitta ne ke cinye amoniyar, wanda galibi ake ƙiyasta aikinsa a kashi 70.

Sai dai akwai abin da ya kamata Alhaji ya lura da shi kafin komai. Ita na'urar, iskar da ke fita take wankewa, ba wadda kaji ke shaƙa ba. Turawa sun rungume ta ne saboda dokokin kare muhalli, domin fiye da kashi 90 na amoniyar da ke tashi a ƙasashen Tarayyar Turai daga noma da kiwo take fitowa. Kuma dole ɗakin ya kasance a rufe ruf, duk iskarsa ta bi ta fanka. Ɗakunanmu kuwa waya ce a gefe da gefe, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama, don haka babu inda za a tare ta. Wanda ya rufe ɗaki a nan, wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, to asarar da zai yi ta wuce maganar wari. Ƙurar gashin kaji ma tana toshe ramukan, balle a haɗa da ta hunturu.

Hajiya Mai Ƙwai:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ni shawarata ga Alhaji ita ce ya duƙa ya dubi shimfiɗar ɗakinsa. Ya damƙi buntun shinkafar ko ɓawon gyaɗar da ya shimfiɗa, idan ya dunƙule bai warwatse ba, laima ta yi yawa. Mafi yawan lokuta mazubin ruwa ne ke yoyo, ko kajin sun yi wa ɗakin yawa, ko gishiri ya zarce a abinci har kashinsu ya yi ruwa. Kuma a daina barbaɗa toka ko farar ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa alhali kaji na ciki, domin su biyun ƙara sakin amoniyar suke yi, alif ne ke riƙe ta. Warin nan da ke tashi ƙarfin takin ne ke tafiya, wanda masu lambu a Jiratawa za su saya da kuɗinsu.

Wani Likitan Dabbobi:
Ina goyon bayan Hajiya, amma ina jan hankalin Alhaji kada ya dogara da hancinsa, domin wanda ya saba shiga ɗakin kullum yakan daina jin warin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, kuma a daidai tsayin kan kaza ake aunawa. Idan ta zarce haka tana lalata hanyar numfashi, cututtuka su samu ƙofa, ci ya ragu, ƙwai ya biyo baya. Tun da har ta kai ga sa hawaye, a kwashe shimfiɗar cikin makon nan.

Mai Kaji a Hanyar Tibiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da mazuban ruwa da shimfiɗa. Saura batun maƙwabta, domin tulin takin da nake tarawa yana jikin katangarsu ne. Shin rufe shi da tamfol zai wadatar, ko sai na nema masa wani wuri can nesa da gidaje?